Tsoho Ya Faɗi

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin wurin aikinku? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana har yanzu yana can inda aka tura su kafa turakun wuta, don haka na kwaso kayana na dawo gida wajen Tsoho kafin ya dawo. Daga nan nake zuwa makaranta. Tafiyar ta ƙara nisa, ɗalibaina har sun fara yi min kallon makararriya, amma hankalina ya fi kwanciya.

Jikin Tsoho da sauƙi. Jinin ne dai yake hawa yana sauka yadda ya ga dama. Likita ya ce ya rage gishiri, ya rage zaman shago, ya rage sauraron labarai. Gishirin kawai ya rage, shi ma don ni nake girki. Kullum da safe sai ya buɗe shago ya zauna a tsakiyar matattun rediyoyinsa, alhali an daɗe rabon da wani ya kawo masa gyara. Yana nan kusa da ni yanzu, shi ya sa ni rubutun nan. Ka san halinsa, a wurinsa maganar waya ba magana ba ce, sai wadda aka rubuta aka naɗe aka ba mai tafiya. Ya ce in rubuta maka kamar haka, kuma kar in gyara masa:

"Ka riƙa sa safa biyu a wurin aikin nan. Ka daina aiko min da takalma, ƙafa biyu gare ni. Katin zaɓena yana cikin gidan batir na babbar rediyo, kuma ba likitan da zai hana ni fita. Yaushe ne hutunka?"

Na rubuta, ya sa na karanta masa, ya ce ban ci amana ba.

Kun ishe ni, kai da shi. Tun da magoya bayan ɗan takararku suka laƙaba wa mutuminsu Tsoho gidan nan ya rikice. Jiya maƙwabciya ta leƙo ta ce wai Tsoho ya yi jawabi har ya sa mutane kuka. Na ce yaushe, mutumin da na bari yana faɗa da kyanwa a kan matashinsa? Da na gaya masa ya yi dariya har da tari, ya ce shi ne na asali, wancan kwaikwayonsa yake yi. Ba zaɓen da mutumin nan ya tsaya da Tsoho bai zaɓe shi ba, kuma ba wanda ya ci. Ya ce wannan karon ne na ƙarshe, ko gare shi ko ga wancan. Na ce ya daina irin wannan magana a gabana.

Akwai abin da nake so in gaya maka, kar ka ji haushi. Ranar da ka kira, yana ba ka labarin gwiwarsa kana ta cewa "to, to", ni kuwa ina jin ƙarar saƙonni suna ta shigowa wayarka. Da ka ajiye sai ya ce, "Yaron nan yana da baƙi." Ban gaya masa cewa baƙin a cikin waya suke zaune ba. Zauren siyasar nan naku na intanet da ka saka ni, na fita, kuma kar ka sake mayar da ni. Wayata ta cika da hotunan mutane masu ɗaga yatsa.

Ni dai na gaya maka, Tsohonku faɗuwa zai yi kamar yadda ya saba, ka tanadi hankici. Ɗan Goggo ne kai, ina da ikon tsokanarka har mu tsufa.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Wasiƙarki ta same ni lafiya. Ina gaida Kawu, ki ce masa safa biyu nake sawa, wani lokaci ma uku. Ina gaida maigidanki idan kun yi waya. Ni lafiyata ƙalau, sai yatsu da suke tsagewa, shi kuma duk mai aiki a ɗakin sanyi haka nasa suke.

Na karanta ƙorafinki, kuma ban musa ba. Amma bari in gaya miki yadda wunina yake. Da safe mota ta kwashe mu ta sauke a bakin sito. In sa rigar nan mai nauyi, in shiga, in yi ta jera kwalayen daskararren kifi har rufi, ina ganin numfashina yana fita kamar hayaƙi. Da yamma mota ta dawo da mu ɗaki. Mu huɗu ne a ciki, gado a kan gado, kuma ba wanda yake jin harshen wani. Mutanen kirki ne, amma hirarmu ba ta wuce nuni da yatsa. Sai in wuni in kwana ban furta kalma ɗaya da harshenmu ba. Wata rana na kama kaina ina gaida kwalin kifi.

To a haka na samu zauren nan. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba, da laƙabi muke kiran juna. Akwai Uwar Biyu mai sayar da yadi, wadda take tashin kowa da addu'a. Akwai Likitan Haƙori, wanda ba a taɓa kama shi da gajeren saƙo ba. Ni Magatakarda suke ce min. Akwai kuma wani Direba, ɗan garinmu ne ma, shi ɗan ɗaya ɓangaren ne, ya shigo ne kawai don ya ɓata mana rai. Kwanaki ya sa hoton ɗan takararmu yana gyangyaɗi a taro, na fitar da shi daga zauren. Sai da Uwar Biyu ta roƙe ni na mayar da shi, kuma ko godiya bai yi ba.

Ga shirinmu. Muna da mutane a rumfunan zaɓe da yawa. Da an gama ƙirga za su ɗauki hoton takardar sakamako su turo, ni in tattara, in riƙa karanta wa zaure kai tsaye, muna gwadawa da abin da hukumar zaɓe take sanarwa. Wannan karon ba wanda zai ce mana ga abin da ya faru mu ce to.

Kina ganin kamar wasa ne. Auta, gida nake so in dawo. Idan ƙasar ta gyaru me zan zauna yi a cikin ƙanƙara? Kuma ba ni na koya wa kaina ba. Shekarar da Inna ta rasu Kawu ya ɗauko ni, a shekarar aka yi zaɓe. Ke kina goye. A wuyansa ya ɗora ni muka shiga layi, ya ce in riƙa gaya masa ko layin yana motsi. Da aka shafa masa tawada a yatsa ya goga min kaɗan a nawa, na ƙi wanke hannu. Ga shi yau ko ƙuri'a ba ni da damar jefawa. Wannan aikin shi ne tawa ƙuri'ar.

Maganar hutu: na ɗauke shi a makon zaɓe. Dama kwanakin ba su isa a je gida a dawo ba. Kar ki gaya wa Kawu haka, ki ce masa baɗi in sha Allah. Ki tafi da kujera ranar zaɓe, kar ya tsaya a rana.

Hankicin kuma ki ajiye wa kanki.

Yayanki

Daga Yaya zuwa ga Auta

Assalamu alaikum Auta,

Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa rahama, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba mu. Ya jikinki? Maigidanki ya ce ba kya cin abinci sosai.

Na kira ki har na daina ƙirgawa, ba ki ɗauka ba. Ban ga laifinki ba. Maigidanki ya gaya min abin da kika ce, cewa na san Kawu ya faɗi na ce ki bar ni ina aiki. Shi ya sa na zauna rubutun nan. Ki karanta har ƙarshe, bayan haka ki yi yadda kika ga dama da ni.

Ranar da aka fara sanar da sakamako tun safe muna gaba. Zaure ya cika, mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba suna ta shigowa. Ina zaune a ƙasa na jingina da gado, tsohuwar kwamfuta a cinyata, waya a bakina, ina karantawa yanki bayan yanki. Duk wanda na karanta sai ki ji kabbara da shewa. Uwar Biyu tana kuka tana cewa ashe za ta ga wannan rana. Ni kaina na fara tunanin jakar da zan zuba kayana.

Bayan la'asar aka sanar da babban yankin da muka dogara da shi, ya zo akasin abin da ke hannunmu. Zaure ya hargitse. Wasu na cewa maguɗi ne, wasu na cewa mutanenmu ne suka turo hotunan ƙarya, Likitan Haƙori yana ta cewa a kwantar da hankali ba mai jin sa. Direba ya fara turo hoton dariya. Kowa yana kiran Magatakarda, Magatakarda ka sake lissafi. A daidai nan saƙonki ya faɗo a saman waya: "Yaya, Tsoho ya faɗi."

Wallahi Auta, Kawu bai zo raina ba. A wunin nan na karanta kalmomin nan daga bakin 'yan adawa ba iyaka. Na ɗauka tsokanar da kika yi alkawari ce ta iso. Na rubuta miki, "Bar wannan maganar yanzu, ina cikin aiki. Ba a gama ba, zai tashi." Na koma kan lissafi. Da aka sanar da na ƙarshe, aka ce mun faɗi, na kife wayar na ja bargo, ban son jin muryar kowa. Sai da gari ya waye na ga sauran saƙonninki, na ga kalmar asibiti.

Sauran kin sani. Maƙwabciya ce ta ɗauki wayarki, ta ce an ce a kai shi babban asibiti a wani gari, ga shi ba mota a titi, kowa ya ɓoye tasa don tsoron rikici. Ban san kowa da zan kira ba, sai na rubuta a zaure. Direba ne ya amsa. Bai ce komai ba sai, "Wace unguwa?"

Na je wajen shugaban aikinmu da safiyar ranar, na sake komawa ranar da Kawu ya cika. Ya buɗe kwamfuta ya nuna min cewa na cinye hutuna, kuma idan na tafi ba izini ba ni ba dawowa. Da na sani na ajiye masa rigarsa na fita. Ban yi ba, na koma na jera kifi, a lokacin da ake sa Kawu a ƙasa.

Abu ɗaya nake so in sani. Ya tambaye ni?

Yayanki

Daga Yaya zuwa ga Auta

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ni ma lafiya, sai mura da ta ƙi tafiya.

Mutumin da na ba wasiƙar da ta gabata ya dawo, ya rantse min a hannunki ya sa ta. Ya ce kin karɓa kin yi masa godiya, kin ba shi ruwa, kin sa ta a ƙarƙashin tire. Ban san ko kin buɗe ba. Ya ce ya ga shagon Kawu a rufe, an jingina benci a ƙofar.

Ba matsa miki nake yi ba. Kawai dai ban da ke ba wanda ya san shi a cikin waɗanda zan iya magana da su. A nan idan na ce kawuna ya rasu sai su dafa min kafaɗa su wuce, suna ganin ai kawu ne, ba uba ba. Ba ni da harshen da zan yi musu bayani.

Ko zagi ne ki rubuto.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam Yaya,

Ya haƙuri, ya mura? Mun gode da ta'aziyya. Ina lafiya. Na koma makaranta, na kuma koma ɗakina. Maigidana yana gaishe ka.

Na karanta duka biyun. Ta farkon ta daɗe a ƙarƙashin tire kafin in buɗe, mutuminka bai yi ƙarya ba.

Ka ba ni labarin wuninka, bari in ba ka nawa. Ranar zaɓe na kai masa kujera kamar yadda ka ce, ya ƙi zama, wai kar a ce ya tsufa. Ya jefa ƙuri'arsa ya dawo yana nuna wa yara yatsa. Ranar sakamako tun safe ya shiga shago ya kunna rediyo biyu, kowacce da tasharta, ya ce ba ya yarda da bakin mutum ɗaya. Na kai masa abinci da magani, ya sha maganin ya ture abincin. Bayan la'asar ina shanya a tsakar gida na ji ƙarar faɗuwar abu. Na ɗauka rediyo ce ta zamo daga kanta. Na same shi tsakanin benci da ƙofa, butarsa ta kife, ruwa yana bin ƙarƙashinsa. Bakinsa ya karkace, amma idonsa biyu, kuma yana magana ana ganewa.

Ka tambaya ko ya tambaye ka. Abin da ya fara cewa ke nan. "Kira min yaron."

Na rubuta maka da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da kansa. Amsarka ta zo nan take. Na karanta, na sake karantawa. Sai na kira ka. Na ji ta shiga, na ji an katse. Na sake kira, aka sake katsewa. Mijin maƙwabciya ya aro baro a wajen masu bulo, muka shimfiɗa bargo muka ɗora shi, don ba ko keke a titi. Ina tafiya a gefen baron ina riƙe ƙafarsa kar ta ja ƙasa ina kiran ka. A asibitin unguwa ma'aikaciya ɗaya ce, ita ma wayarta tana kunne tana jin sakamako. Har zuwa magariba yana iya magana, Yaya. Kafin gari ya waye harshen ya tafi, bai kuma dawo ba.

Na yarda da bayaninka. Da na karanta sai da na ajiye takardar na riƙe baki, don ni kaina ban taɓa kawo wancan Tsohon a raina ba, ni da na yi ta wasa da sunan. Na yi makonni ina ɗauke da kai a zuciyata a matsayin wanda aka ce masa uban da ya raine shi yana ƙasa ya ce yana aiki. Wannan na sauke, kuma na ji sauƙin saukewa.

Amma wasiƙarka ta tsallake wani wuri. Ka ce ka rubuta min ka koma kan lissafi, sai kuma ka ce gari ya waye. Kiran fa? Ba kashe wayar ka yi ba, katsewa ake yi. Yatsa ne yake yin wannan. Yaushe na taɓa kiran ka a jere haka don tsokana?

Direbanku ya zo. Wani gajere ne mai furfura a gemu, da hoton ɗan takararsu manne a gilashin mota. Ya ɓare hoton da farce kafin mu tashi, ya ce kar a tare mu a hanya. Shi ya ɗauki Tsoho a hannu ya sa a mota. Ya kwana biyu yana zuwa asibitin, kuma a motarsa aka dawo da shi gida. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bai taɓa yi min maganar zaɓe ba. Ya tambaye ni ko ni ce ƙanwar Magatakarda, na ce ban san wani Magatakarda ba, sai daga baya na gane kai yake nufi.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Assalamu alaikum Auta,

Na gode da kika rubuto. Mura ta tafi. Ina gaida maigidanki, ki yi masa godiya da ɗawainiyar da ya yi a madadina.

Gaskiyarki, na tsallake. Na ga kiran. Duk lokacin da ya shigo muryata takan yanke a zaure, mutane su fara cewa Magatakarda ba ma jin ka. Na farko na katse da haushi. Na biyu ma haka. A na uku wani abu ya taɓa min zuciya, na ce Auta ba ta haka. Na ce bari in gama karanta wannan yankin in kira ta. Da na gama aka sanar da wani. Daga nan na sa wayar ta daina nuna min kira. Ba kuskuren karatu ba ne wannan, ni na yi, kuma ina cikin hankalina. Mutane da yawa suna jiran muryata, abin da ban taɓa samu ba tun da na zo ƙasar nan, kuma ban so in ajiye ba.

Zauren yana nan, amma ya zama kango. Rabin mutane sun fita. Waɗanda suka rage suna zargin juna, wasu sun ce ni aka saya na ɓata lissafi. Likitan Haƙori ya koma ɗaya ɓangaren, ya rubuta dogon bayani a kai. Na ajiye aikin kula da zauren, amma ban fita ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce zan fita ba. Uwar Biyu takan kira ni ta tambayi ko na ci abinci. Wasu biyu da suke aiki a wani gari kusa da nan sun hau jirgin ƙasa sun zo har ɗakina ta'aziyya. Muka zauna a bakin gado, suka yi addu'a da harshenmu. A ranar na fara yin kuka. Ban san yadda zan haɗa wannan da wancan ba. A zauren nan na rasa muryar Kawu ta ƙarshe, kuma daga wurin aka samu wanda ya ɗauke shi.

Na kira Direba in yi masa godiya. Ya ce in bari, ai kowa yana da tsoho. Na ba shi haƙurin fitar da shi da na yi, ya ce shi ma da shi ne da ya fitar da kansa.

Kin ce har magariba yana magana. Da ya ga ban kira ba, me kika ce masa? Ki gaya min ko mene ne. Na fi son in sani da in yi ta ƙirƙira da kaina a cikin sanyi.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam Yaya,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. An fara jarrabawa, kwanakin nan cikin jan biro nake. Mai gidan da shago yake ciki ya turo a kwashe kaya, zai ba wani mai sayar da caja. Ni da maigidana muka kwashe. Rediyoyin da masu su suka manta da su sun cika ɗakin Tsoho, ban san yadda zan yi da su ba. Kyanwar ta ƙi bin mu, maƙwabciya take ba ta abinci.

Wasiƙarka ta ƙarshe ta fi na baya zafi, amma ita na fi yarda da ita.

Ga amsar tambayarka. A asibitin unguwa aka kwantar da shi a wani gado kusa da taga, aka sa masa ruwa. Yana ta kallon wayar da ke hannuna. Ya ce, "Ya ɗauka?" Na ce layin ne ba kyau. Ya ce, "Bai ce komai ba?" Ka san ban iya yi masa ƙarya mai tsawo ba, tun ina yarinya yake kama ni. Sai na buɗe saƙonka, na rufe rabin farko da babban yatsana, na kai masa kusa da ido, na karanta masa sauran. Na ce, "Ga shi, Yaya ya ce ba a gama ba, za ka tashi."

A lokacin ina karantawa ne zuciyata tana tafasa, don na ɗauka ka sani ka yi banza da mu. Shi kuwa ya sa na maimaita. Ɓarin bakinsa mai motsi ya yi murmushi. Ya ce, "Yaron nan da taurin kai." Daga nan ya daina kallon wayar, ya bar ni na gyara masa matashi. Ya yi wasu maganganu bayan haka, a kan makullin shago da wani da ya bar rediyo ba a gama ba, amma a kanka wannan ce ta ƙarshe.

Bai tambayi wanda ya ci zaɓe ba. A duk kwanakin da ya yi, ko da ido bai tambaya ba, alhali talabijin ɗin babban asibiti ba abin da take nunawa sai shi.

Ba don in sauƙaƙa maka na gaya maka ba. Ka tambaya ne, kuma hakkinka ne. Ya tafi yana ganin ka amsa masa. Ni na san ba shi ka amsa wa ba, kai ma ka sani, kuma mu biyu za mu zauna da wannan. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana.

Ban san ko na huce ba. Wata rana in tashi ba komai a raina, wata rana in ga baro a titi in kau da kai. Amma na gaji da jiran mai tafiya, kuma akwai abubuwan Tsoho da ban iya yanke shawara a kansu ni kaɗai. Ka kira ni ranar hutunka, da rana, bayan na taso daga makaranta. Zan ɗauka. Idan ka ji na yi shiru kar ka cika wurin da magana, ka bari kawai.

Ƙanwarka,
Auta